Idan Yaro Mai Shawara Ya Fara Barcin Rana

Bayan daminar bara ɗan yayata, mai shekara 8, ya kwana biyar da zazzaɓi da amai, ko ƙamshin miya ba ya so ya ji. Aka yi masa awon zazzaɓin cizon sauro, ba a ga komai ba. Ran na shida uwarsa ta lura fitsarinsa ya koma kamar shayin da aka manta a kan garwashi, washegari kuma farin idonsa ya rine. Kakarsa ta ɗaga fatar idon da yatsa ta duba, ta ce shawara ce, nan take kuma ta kafa doka: ba mai, ba nama, kuma kada wanda ya kuskura ya bari a yi masa allura.

Na ce, "Iya, ku yi haƙuri a kai shi a auna jininsa, ko da ba za a yi allurar ba."

Ta ce, "Ɗan nan, kai ma ka yi ta kana ƙarami, saiwar rawaya na jiƙa maka. Ga ka nan zaune."

Gaskiyarta ne, ga ni nan zaune. Yaron ma ya warke, cikin mako uku ya koma makaranta. Amma a cikin waɗannan makonnin dai, bayan layinmu, wata yarinya da ba ta wuce shekara 6 ba ta yi irin wannan rawayar idon. Kwana biyar da fitowar shawarar ta fara wuni tana barci, dare ya yi ta hana gidan runtsawa da kuka. Ta ciji uwarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Aka ce iska ce ta shige ta, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Sai da jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta aka ɗauke ta zuwa asibiti, inda aka ce hanta ce ta gaza. Kwana biyu ta ƙara a duniya. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce.

Tun lokacin abin yake cina, domin da za a tsayar da yaran nan biyu a ranar farko, babu tsohuwar da za ta raba su da ido, babu ma likitan da zai iya. Abin da ya raba su ya bayyana ne daga baya, a halin yarinyar da barcinta, mu kuwa duk idonmu yana kan launin idonta.

Shawara dai alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa wajen kwana 120, in sun mutu sai su bar wani rini mai launin rawaya. Hanta ce take tsince rinin nan daga jini, ta zuba shi cikin maɗaci, ya gangara hanji ya fita, shi ne ma yake ba bahaya launinsa. In hanta ta kumbura ta kasa aikin, ko hanyar maɗacin ta toshe, ko kuwa jini ya farfashe da yawa har ya fi ƙarfin hantar, sai rinin ya taru, ya fito a ido da fitsari. Shi ya sa a nan Damagaram rawayar ido ɗaya take iya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sikila da muke kira emasi, ko taifot, ko zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, ko kuma abin da nake magana a kai, wato ciwon hanta da ake sha a ruwa. Duk sunansu ɗaya a bakinmu, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin a kai yaro awo.

Ƙananan ƙwayoyin cuta biyu ne, irin waɗanda ake kira birus, suke bin ruwa su kama hanta: nau'in A da nau'in E. Sun bambanta da nau'in B da C, waɗanda ke bin jini da haihuwa su zauna a jiki shekaru. A da E hanyarsu ɗaya ce, kuma ba ta da daɗin faɗi: suna fita a bahayan mai ɗauke da su, su shiga bakin wani. An gano nau'in A a 1973 a Amurka. Nau'in E kuwa wani masanin Rasha, Mikhail Balayan, ya tabbatar da shi a 1983 ta hanyar da ba kowa zai yarda da ita ba: ya sha tataccen bahayan sojojin Tarayyar Sobiyet da suka yi shawara a Afganistan, ya kamu, sannan ya ga ƙwayar a nasa bahayan.

Wanda ya san garin nan ya san yadda hanyar take a buɗe. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta kaɗan ne, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake turo mana ruwa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ruwan yana iya barin can da tsabtarsa. Amma in pompo ya kwana biyu bai kawo ba, bututu yana zama fanko, kuma bututun da ba ruwa a cikinsa yana iya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage. Daga nan ruwan ya shiga bidon ɗan garuwa da ba a san yaushe aka wanke ba, ya shiga randa, sannan moɗa ɗaya ta yi ta nutso a ciki, da hannun babba da na yaro, da na wadda ta gama wanke wa jariri kashi da ruwan da bai cika buta ba saboda tsimi. Ba ƙazanta ce ta yi wa matanmu yawa ba. Wanda yake sayen ruwa da bido dole ya yi lissafi, kuma wanke hannu ne yakan fara faɗuwa a lissafin. Da damina kuma masai ya cika ya tumbatsa, kwata ta haɗe da tafki, yara suna wanka a ciki. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni, ta nuna mana iyakar abin da ruwa yake kwasowa ya shigo da shi gida.

Ƙwayar A tana da taurin rai. Tana iya yin watanni a waje ba ta mutu ba, ƙanƙara ba ta kashe ta, don haka lamurje da zoɓo mai sanyi da ake ƙullawa a leda suna iya ɗauke da ita, haka salatin lambu da aka wanke da ruwan da bai inganta ba. Bayan ta shiga jiki takan yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci har kwana 50, kafin ciwo ya bayyana. Nau'in E yakan yi mako 2 zuwa 10. Wato shawarar da muke gani a watan Oktoba ruwan Agusta ko Satumba ne, lokacin da kowa ya manta abin da yaron ya sha. Kuma yaro ya fi zubar da ƙwayar a makonni biyun da suka gabaci rawayar idon, yana ci kwano ɗaya da ƴan'uwansa babu wanda ya sani.

Akwai wani abu da ya kamata mu gane game da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara ƴan ƙasa da shekara 6 da suka kamu da nau'in A, ɗaya cikin goma ne kawai idonsa ke yin rawaya. Sauran ɗan zazzaɓi ne da gudawa, ko ma ba komai, su warke, kuma ba za su sake kamuwa ba har abada. A manyan yara da manya kuwa fiye da 70 cikin 100 suna yin shawara. A ƙasashen da ruwa da masai suke kamar namu, kusan yara 90 cikin 100 sun riga sun kamu kafin su cika shekara 10. Ke nan yawancinmu mun yi ciwon nan ba mu sani ba, waɗanda suka yi shi a fili kuma kusan duk sun tashi.

Nan ne tarkon yake. Ciwon da ke warkewa da kansa, duk abin da aka ba mai shi sai ya ci sunan magani. In an jiƙa rawaya ya warke, rawaya ce. In an hana shi mai ya warke, hanin ne. In an ƙi allura ya warke, to da an yi da ya mutu. Iya ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani da idonta take faɗi, kuma ta gan shi sau da yawa. Abin da ba ta gani da yawa ba shi ne yaron da hantarsa ke narkewa, domin bai kai ɗaya cikin ɗari ba. In ya zo, sai a lissafa shi cikin na iska ko na maita, ba a lissafa shi cikin masu shawara.

A yadda ciwon ya saba tafiya, da zarar rawayar ta fito sai zazzaɓi ya sauka, amai ya lafa, yaro ya fara neman abinci. Ido yana rawaya amma yaro yana wasa, wannan hanya ce mai kyau, kuma cikin mako biyu zuwa huɗu launin ya washe. Amma akwai karkatattun hanyoyi da ke tayar da hankalin iyaye alhali ƙarshensu alheri ne. Wani yaron maɗacinsa ne yake tsayawa a cikin hantar, sai shawarar ta ja wata biyu ko uku ko fiye, bahayansa ya yi fari kamar farar ƙasa, ƙaiƙayi ya hana shi barci har ya yayyage fatarsa da susa. Wani kuma ya warke sarai, bayan makonni ko ƴan watanni ciwon ya dawo, sannan ya sake tafiya. Wani jakar matsarmamarsa ta kumbura, ciwo ya tsaya masa ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a hoton ciki a ga bangonta ya yi kauri ba tare da tsakuwa ba. Galibi wannan ba ya buƙatar fiɗa. Wasu ruwa yakan ɗan taru musu a ciki ko a gefen huhu, ya janye da kansa in hantar ta farfaɗo. Duk waɗannan suna son idon likita da maimaita awo, amma nau'in A ba ya zama ciwon hanta na dindindin. Na faɗi haka ne saboda na ga uwa tana kuka don an ce mata "ciwon hanta", ta ɗauka irin wanda ya kumbura cikin mahaifinta ne har ya rasu.

Akwai kuma yaran da jininsu ne ke shiga rikicin. Mutane da yawa a yankinmu, musamman maza, an haife su da ƙarancin wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna kiransa G6PD. Mai shi lafiyarsa lau sai ran da wani ciwo ko wani magani ya taɓa shi. Ciwon hanta yana cikin masu taɓa shi. Sai jini ya shiga farfashewa a daidai lokacin da hantar da za ta kwashe rinin take kwance. Yaro ya yi fari fat a tafin hannu da cikin fatar ido, rawayar ta yi duhu sosai, fitsari ya koma baƙi-baƙi, wani lokaci ƙoda ta tsaya. Mai emasi ma haka abin yake nauyaya a kansa. Irin waɗannan ƙarin jini suke bukata, kuma babu saiwar da ke maye gurbinsa.

Yanzu ga babbar maganar. Hanta tana da ayyuka da yawa, amma uku daga cikinsu ne in sun tsaya rai yake shiga haɗari cikin kwanaki.

Ita ce rumbun sukarin jiki. Tana ajiye shi in an ci abinci, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan tsakanin ci da ci da kuma cikin dare. Rumbun yaro ƙarami ne tun asali. In hantar ta lalace, yaron kuma yana amai ba ya ci, ga shi an hana shi rabin abincin gidan, sukarin jininsa yana iya faɗuwa cikin sa'o'i: gumi mai sanyi, kasala, jijjiga, suma. Wannan shi ne mafi sauƙin gyarawa a cikin ukun, ɗigon jini ɗaya a yatsa yake nuna shi, ruwan sukari ta jijiya yake tayar da shi, amma yana kisa in ba a duba ba.

Ita ce kuma take ƙera yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare. Wasunsu sa'o'i kaɗan suke yi a jini su ƙare, don haka da hanta ta daina ƙera su sai a gani a awo tun kafin a gani a jiki. Awon nan likitocinmu suna kiransa TP, kuma in ya sauka ƙasa da 50 cikin 100 sun san ciwon ya tashi daga na gida ya koma na kwanciya. Iyaye sukan firgita da wani awon, taransaminaz, da ke haurawa dubbai a wannan ciwo. Yawansa yana nuna hanta ta ji rauni, amma TP ne ke nuna ko tana iya aiki. A jiki kuwa alamar ita ce haɓo, jinin dasashi, tabo baƙi-baƙi a fata ba tare da an buge ba, amai mai jini ko baƙin bahaya. In an kai nan an riga an makara da kwanaki.

Na ukun shi ne wanda ya ruɗe maƙwabtanmu. Hanji yana samar da guba iri-iri, cikinsu har da amoniya, jini ya kwaso su ya bi da su ta hanta ta tace kafin su isa sauran jiki. In matatar ta tsaya sai gubar ta wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. A babba akan fara ganin ruɗewa da shirme a magana. A yaro abin ya fi ɓuya. Barcinsa ne yake juyewa, rana ta zama dare. Ko ya yi ta kukan da ba ya rarrasuwa. Ko yaro mai kunya ya koma mai faɗa da cizo da zagi. Ko ya daina kula abin wasansa, ya kalli uwarsa kamar baƙuwa, ya yi fitsari a kwance alhali ya daɗe da bari. Daga nan magagi, sambatu, sannan doguwar suma, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san da wane suna za a fara kiran waɗannan alamu. Ban ce kada a yi addu'a ba, ni ma ita nake fara yi. Amma ana iya tofa ta a kan kabu-kabu, a hanyar asibiti.

Abin da nake roƙon uwa da kaka su riƙe ke nan: yaro mai shawara, a riƙa kiran sunansa ana jin amsarsa, safe da rana da tsakar dare. In zazzaɓi ko amai sun ƙi lafawa bayan rawayar ta fito, in rawayar tana ƙara duhu yaro yana ƙara laushi, in barcinsa ko halinsa ya sauya ko yaya, in jini ya fito ta ko'ina, in fitsari ya ragu, to ba a jiran gari ya waye.

Me ke sa wani yaron ya faɗa wannan rami wani ya tsallake? Ƙwayar ba ita take cinye hantar da kanta ba, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin hantar da suka kamu, a wasu kuma yaƙin yakan wuce gona da iri. Wannan ba a hannunmu yake ba. Amma akwai kayan da ciwon yake tarar da hanta ɗauke da su. Ƙasarmu tana cikin waɗanda nau'in B ya yi wa yawa, kuma yaron da ya karɓe shi tun haihuwa yana iya girma ba alama. In A ko E ta sauka a kan irin wannan hantar, abin ya fi muni. Tamowa, wadda jiharmu ta sani sarai daga Magarya zuwa Matamaye, tana raunana hanta da garkuwa. Taifot kuma hanyarsu ɗaya da A da E, a moɗa ɗaya ake shan su, ba abin mamaki ba ne yaro ya kamu da biyu lokaci guda, ko kuma zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da su tunda lokacinsu ɗaya.

Sai kayan da mu muke ɗora mata da hannunmu, da kyakkyawar niyya. Na farko parasetamol. Kafin rawaya ta fito ciwon zazzaɓi ne kawai, kowa kuma ya san abin da ake ba mai zazzaɓi. Ƙa'idar yaro ita ce miligiram 15 a kowane kilo na nauyinsa, kada a wuce sau huɗu a yini. Yaro mai kilo 15 ke nan bai kai rabin ƙwayar manya mai miligiram 500 ba a sha ɗaya. In aka ba shi cikakkiya sau huɗu, ya sha fiye da ninki biyu na abin da ya dace. Ƙara da maganin mura da aka saya wurin mai talla a tire, wanda shi ma akwai parasetamol a ciki ba a sani ba. Hanta ce take sarrafa maganin nan, kuma hantar da ta kumbura a jikin yaron da bai ci abinci ba ba ta da ƙarfin kare kanta daga gubarsa. Aspirin ma ba a ba yaro mai irin wannan zazzaɓi. Maganin tsayar da amai da na sa barci kuwa suna rufe alamar da muke son gani.

Na biyu jiƙe-jiƙe. Ba raina ilimin iyayenmu nake ba, rawaya tsohon magani ce a ƙasar Hausa. Amma duk abin da ya shiga ciki ta hanta yake bi, kuma babu mai iya faɗin ƙarfin jiƙon yau in an gwada shi da na jiya, balle haɗin da aka sayo a gora ba a san abin da ke ciki ba. A arewacin Indiya an yi shekaru yara suna mutuwa da ciwon da aka ɗauka na ƙwaƙwalwa ne, daga baya likitoci suka gano ƴaƴan rai-ɗore ne da yaran ke ci suke lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Tsiron nan yana nan a bayan gidajenmu. Abin da ake sa wa yaro ya yi gudawa ko amai wai don shawarar ta fita, shi kuma ruwan jikinsa da sukarinsa yake fitarwa.

Na uku yunwa. Yaro mai shawara da kansa yake ƙin maiƙo in yana tayar masa da zuciya, ba sai an hana shi ba. In ya nema a ba shi. Hantar da ke sake gina kanta abinci take so: kunu da sukari, fura da nono mai tsabta, tuwo, wake, ƙwai, nama, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Mai shan nono a ci gaba da ba shi.

Maganar allura na daɗe ina juya ta, kuma ina ganin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Yaron da jininsa ya daina daskarewa, allurar tsoka tana iya tara masa jini a wurin, likitoci ma suna guje mata. Kuma tunda sai yaro ya kai gargara ake kai shi, abin da mutane suka yi ta gani shi ne an kai shi, an soka masa ruwa, ya cika. Sai aka ɗora laifin a kan allurar. Amma abin da tsoron nan ya haifar shi ne ƙin asibitin gaba ɗaya, har da ɗibar jinin awo da ƙarin ruwan sukari, waɗanda su ne ke ceto.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar A, kuma ba a dashen hanta a Nijar. Wani zai ce to me za a je yi? Abin da za a je yi shi ne a riƙe yaron da rai har hantar ta farfaɗo, domin a duk sassan jiki babu mai sake tsirowa kamarta. Ko an yanke kashi biyu cikin uku tana mayar da gurbinsa. A riƙa auna sukari ana ƙarawa, a ba da bitamin K, a ba da ruwan jini in yana zubar da jini, a ba da maganin da ke rage gubar hanji, a kare shi daga wasu ƙwayoyin cuta, a yi maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot in akwai, a tsayar da duk abin da ke ƙara wa hantar nauyi. Gazawar hanta ta nau'in A tana cikin waɗanda aka fi tashi daga gare su ba tare da dashe ba, kuma wanda aka kawo yana magagi ya fi wanda aka kawo a sume samun rabo nesa ba kusa ba. Majo na asibitin unguwa zai iya awon sauro da na sukari, ya tura yaro babban asibitin ƙasa na Damagaram inda ake kwantar da irin waɗannan. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sai dai yaran da shawarar ta fi bayyana a jikinsu sun haura biyar, kuɗin awo yana kan uba, kuma ina ganin wannan giɓi ne da ya kamata masu tsara lafiya su duba.

Nau'in E a yara yawanci da sauƙi yake zuwa, amma ba zan tsallake shi ba saboda wadda ke jinyar yaron. A watan Afrilun 2017 aka bayyana ɓarkewarsa a jihar Diffa, maƙwabciyarmu, a cikin mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Kusan mutum 2,000 aka yi zaton sun kamu, gommai suka rasu, da yawa daga cikinsu mata masu ciki. Mace mai tsohon ciki in ta kamu da shi, a cikin biyar ko huɗu ana iya rasa ɗaya, kuma yana iya wucewa ga jaririn ko ya jawo haihuwa kafin lokaci. Don haka in yaro ya yi shawara a gidan da akwai mai ciki, ruwan da ya ba shi ciwon ita ma shi take sha. A tafasa mata nata, wata ta karɓi wanke kashin yaron, in kuwa idonta ya sauya ko kaɗan, ranar za a kai ta.

Tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka yana kashe ƙwayoyin biyu. Na san gawayi da itace kuɗi ne, shi ya sa nake cewa a fara da na sha, na yara da na mai ciki. Ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs tana aiki in ruwan garai yake kuma an jira minti 30. In gurɓatacce ne sai an bari ya kwanta an tace tukuna. Ruwan sha ya koma mazubi mai ƙaramin baki da ake tsiyayawa, moɗa ta daina nutso. Sabulu ya fi man goge hannu da muka saba da shi lokacin korona tasiri a kan wannan ƙwayar. Kashin yaro ƙarami kuma, wanda muke ɗauka ba shi da illa, shi ma yana iya ɗauke da ita, masai ne wurinsa.

Akwai allurar rigakafin nau'in A, amma ba ta cikin jerin waɗanda ake yi wa yaranmu kyauta. Ta nau'in B ce ke cikin allurar nan mai haɗin biyar. Dalilin masana shi ne inda kusan kowa ke kamuwa yana ƙarami ba tare da alama ba, ribar rigakafin kowa da kowa kaɗan ce. Amma lissafin yana juyawa in gari ya fara samun ruwa mai kyau a wasu unguwanni wasu kuma babu. Yaron da ya tashi a gidan da pompo ba ya yankewa yana tsallake ƙwayar yana ƙarami, ya haɗu da ita yana shekara 10 ko 15 a ƙofar makaranta, lokacin da ta fi duka. Ajantina ta shiga wannan hali, har nau'in A ya zama kan gaba wajen sa a yi wa yaransu dashen hanta. A 2005 suka fara yi wa kowane yaro allura ɗaya in ya cika shekara, cikin ƴan shekaru dashen hanta saboda wannan ciwo ya ɓace a yaransu. Na E ma akwai tasa, Sin ta amince da ita a 2011, an kuma fara amfani da ita wajen tare annoba a Bentiu ta Sudan ta Kudu a 2022. Damagaram tana faɗaɗa, sababbin unguwanni suna tashi, kuma ina jin lokaci ya yi da likitocin yaranmu da jami'ar André Salifou za su auna a wace shekara yaran garin nan suke kamuwa yanzu.

Ran sadakar ukun yarinyar nan Iya ta je gaisuwa. Da ta dawo ta daɗe zaune ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko da gaske barcin ranar nan na hanta ne. Na ce mata na hanta ne. A lokacin ɗan yayata bai gama washewa ba, yana kwance a ɗakinta. Daren nan na ji ta sau uku tana tashinsa, tana cewa ya faɗa mata sunansa da na ubansa.